Na ajiye babbar waya na koma ƙarama: hanyar da na bi da inda na sha wuya

Tun da na koma riƙe ƙaramar waya mai madannai, tambayar da aka fi yi mini ita ce, "To ya kake yi da banki? WhatsApp fa?" Da wuya ka ji wanda zai tambaye ni ko ina kewar babbar wayar, kuma ina ganin masu tambayar sun gano inda gizo ke saƙar. Babbar waya ta riga ta zama makullin asusun banki, da imel, da shafin wurin aiki, da hotunan iyali, da lambobin jama'a. Wanda ya fusata rana ɗaya ya jefa ta a durowa, kafin mako ya zagayo zai ɗauko ta, domin za a turo masa wata lambar shiga da ba ta sauka ko'ina sai a cikinta, kuma da zarar ya kunna ta saboda wannan lambar, shi ke nan an koma gidan jiya. Shi ya sa na ga ya dace in rubuta yadda na bi abin daki-daki, don wanda ke da irin wannan niyyar ya san abin da zai tarar a gaba.

Farkon abin da na yi shi ne duba lissafin da wayar da kanta take ajiyewa a kaina. Tun 2018 kamfanin Apple ya saka Screen Time a cikin iPhone, Google kuma ya fito da Digital Wellbeing a wayoyin Android a wannan shekarar. Duka biyun suna cikin saitin waya, suna nuna awannin da mutum ya yi yana kallon allo, da manhajar da ta fi cin lokacinsa, da sau nawa ya buɗe wayar a yini. Abin da na gani ya sa jikina ya yi sanyi, don a wasu ranaku lokacin da na ba wayar ya zarce wanda na ba barci. Amma yawan ɗaukar ya fi awannin tayar mini da hankali. Jadawalin ya nuna ina ɗaukarta tun kafin ƙafata ta taɓa ƙasa da safe, kuma babu awar da ta wuce fayau, har da tsakar dare. Mafi yawan wannan ɗauka ban ma san na yi ta ba. Maiɗakina ta daɗe tana faɗa mini, da farko cikin wasa, daga baya ta daina ɓoye haushinta. Sai ta tsaya a tsakiyar magana ta ce, "Maigida, me na ce yanzu?" Ni kuwa ba na iya maimaita ko kalma ɗaya.

Ban fara da tunanin ajiye wayar gaba ɗaya ba. Na fara da dabarun da kowa ke ba da shawara a kansu: na kashe sanarwar manhajoji, na saka wa kowace iyakar lokaci, na mayar da allon baƙi da fari don ya rage ɗaukar ido, na goge manhajojin gajerun bidiyo. Kowace dabara ta yi aiki na ɗan lokaci. Matsalar iyakar lokaci ita ce idan ta cika, wayar na iya ba ka damar ƙara wasu mintuna ko ka cire iyakar, kuma yatsan da ya saka iyakar shi ne zai cire ta. Manhajar da na goge kuwa shafinta na nan a burauza, ko in sake sauke ta kafin ƙiftawa da bismilla. A wannan tsakanin ne na shiga karance-karance a kan yadda ake ƙera waɗannan abubuwa. Aza Raskin, wanda ya ƙirƙiro tsarin shafin da ba ya ƙarewa a 2006, wato ka yi ta jan allo sama sabon abu na ɓullowa, daga baya ya fito fili ya nuna nadamarsa. Tristan Harris, tsohon ma'aikacin Google da ya kafa ƙungiyar Center for Humane Technology tare da wasu a 2018, ya sha kwatanta waya da injin caca: ka ja allo ƙasa don ya sabunta, ba ka san ko za ka samu saƙo mai daɗi ko ka tashi a tutar babu ba, kuma rashin sanin nan ne ke dawo da kai. Masanin halayya B. F. Skinner ya nuna irin haka da tantabaru tun tsakiyar ƙarni na 20, cewa tantabarar da ba ta san a wace caccaka hatsi zai faɗo ba ita ta fi naci a kan maɓallin da ke sakin hatsin. Daga nan na daina ɗaukar abin a matsayin gasar ƙarfin zuciya. Ni kaɗai ne a gefe guda, ɗaya gefen kuwa ƙwararru ne da ake biya albashi don in daɗe a ciki.

Saboda barcina ya lalace, na nemi ganin likita. Na zauna a benci ina jiran a kira ni, ina ta jan allo, abin ban dariya. Likitar ta saurare ni, ta tambayi ƙarfe nawa nake kwanciya, ko ina farkawa cikin dare, ko akwai wata damuwa da nake guje wa ta hanyar wayar. Sannan ta ce, "Malam, ka sani babu wata cuta a kundinmu mai suna jarabar waya." Abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da shi shi ne larurar wasannin bidiyo, wadda ta shiga kundin cututtuka na ICD-11 da ya fara aiki a 2022. Sai dai ta ce in auna kaina da alamomin da ake dubawa a can: kasa tsayar da abu, fifita shi a kan sauran al'amuran rayuwa, da ci gaba da shi duk da ana ganin illarsa ƙiri-ƙiri. Ba ta rubuta mini magani ba. Ta ce wayar ta daina kwana a ɗakin barci, in dawo bayan an kwana biyu, kuma idan na ajiye wayar na ga ƙuncin rai ya ƙaru maimakon ya ragu, kada in yi shiru, domin wani lokaci wayar tana rufe wata damuwar ce da ke buƙatar nata maganin. Duk wanda barcinsa ko aikinsa ya taɓu, ina ba shi shawara ya fara daga nan.

Bayan haka na ɗauki littafin rubutu da biro na shiga aikin da ya fi komai amfani a duk tafiyar. Duk lokacin da na ɗauki wayar don wata buƙata ta gaskiya sai in rubuta: duba ragowar kuɗi, tura kuɗi, lambar shiga imel, taswira, ƙararrawar tashi, tocila, kalanda, ɗaukar hoton takarda, kiran mota, saƙonnin ofis. Na ja wannan aikin har wata ya zagayo, don akwai abubuwan da ba sa tasowa sai ƙarshen wata, kamar biyan kuɗin wuta. A gaban kowane abu na rubuta abin da zai maye gurbinsa, da ofishin da zan je in akwai buƙata. Jerin bai kai tsawon da na zata ba. Duk buƙatun gaskiya in an haɗa su, ɗan guntun lokaci ne a cikin awannin da jadawalin ya nuna mini.

Sayen ƙaramar wayar shi ne mataki mafi sauƙi, amma akwai tarko a ciki. Yawancin masu araha a kan tsohon tsarin 2G suke aiki, kuma ƙasashe da dama suna rufe 2G da 3G. A Amurka manyan kamfanonin waya sun rufe 3G a 2022. Kafin ka biya, tambayi kamfanin layinka wane tsari ne zai ci gaba da aiki, in da hali ka sayi mai 4G wadda ke iya kiran murya a kansa, abin da ake rubutawa VoLTE a jikin kwali. Sannan wasu ƙananan wayoyin suna zuwa da Facebook da YouTube da burauza a ciki, musamman masu tsarin KaiOS. Allon ƙarami ne, amma sabo turken wawa, wanda ya saba zai iya kwana a kansa. Akwai wayoyi na musamman da aka ƙera don masu gudun jaraba, irin su Light Phone, sai dai kuɗinsu ya kai na babbar waya. Ni na ɗauki ta gama-gari, mai kira da tes da rediyo da tocila da ƙararrawa, kuɗinta bai kusa da na babbar wayata ba, kuma caji ɗaya yana kai ta kwanaki. Ka kuma duba girman sim ɗin da take ɗauka tun kafin ka baro wurin saye, don ba duka suke ɗaukar ɗan mitsitsin da manyan wayoyi ke amfani da shi ba.

Babbar wayata da eSIM take aiki, wato layin da ke zaune cikin wayar babu kati, ƙaramar kuwa sai da kati. Wannan ya kai ni ofishin kamfanin layi. Na je da safe na tarar jama'a sun riga ni, na karɓi lamba na samu kujera. Ana buƙatar katin shaida mai hoto wanda sunan da ke jikinsa ya yi daidai da sunan da aka yi rajistar layin da shi, da kuma wayar kanta a hannu, domin za a turo lambar tabbatarwa cikinta. Mutumin da ke gabana an mayar da shi gida saboda da sunan ɗan'uwansa aka yi rajistar layin da yake riƙe da shi shekara da shekaru. Da aka zo kaina, ma'aikaciyar ta karɓi ƙaramar wayar ta jujjuya ta a tafin hannunta, ta ce, "Yallaɓai, sace babbar aka yi?" Na ce a'a, ga ta nan a aljihuna. Ta dube ni, ta yi murmushi, ta ci gaba da danne-dannenta. Na cike fom, na biya kuɗin sabon kati wanda bai taka kara ya karya ba. Abin da ba wanda ya gaya mini shi ne layin zai ɗauke na wasu awanni kafin sabon katin ya fara aiki, don haka kada ka yi wannan a ranar da kake jiran kira mai muhimmanci. Haka nan wasu bankuna idan suka ga an sauya sim sukan dakatar da wasu hada-hada na ɗan lokaci don gudun 'yan damfara, saboda haka ka tanadi kuɗin kashewa a hannu.

Akwai wani ƙaramin abu da ke rikita mutane da yawa. Kafin ka cire layin daga babbar waya, in iPhone ce ka kashe iMessage da FaceTime, in Android ce ka kashe RCS a manhajar saƙonni. In ba haka ba, saƙon da masu irin wayarka suka turo zai ci gaba da bin hanyar intanet yana neman tsohuwar wayar, kai kuma kana zaune kana cewa an manta da kai. Apple na da shafi na musamman na cire lamba daga iMessage ga wanda ya riga ya rabu da wayar. Lambobin jama'a kuwa ana fitar da su a fayil ɗin vCard, a tura wa ƙaramar waya ta Bluetooth ko ta katin memori. Kada ka dogara da sim, don lambobin da yake ɗauka ba su da yawa, kuma yana gutsure dogayen sunaye. Na zauna na tace lambobin, na ga ɗimbin sunayen da ban ma tuna su waye ba, irin su "mai gyara 2" da "baƙo taro". Na kuma ci karo da lambobin mutanen da suka riga mu gidan gaskiya. Waɗannan na kasa gogewa, sai na kwafe su da hannu a bayan littafina. Hotuna na kwashe su zuwa kwamfuta, na sauke sauran ta Google Takeout, shafin Google na kwashe abin da ke cikin asusunka, na ajiye kwafi na biyu a faifan ajiya.

Inda na fi ɓata lokaci shi ne tabbatarwa mai mataki biyu. Duk asusun da ke neman wata lamba bayan kalmar sirri, sai ka gano daga ina lambar take fitowa. Wasu ta tes suke turowa, waɗannan ba matsala, ƙaramar waya za ta karɓa. Wasu kuwa daga manhaja suke fitowa, irin Google Authenticator ko Microsoft Authenticator, inda lamba mai alƙaluma 6 ke canzawa duk daƙiƙa 30. Wasu kuma tambaya suke turowa a allon babbar wayar su ce ka danna ka tabbatar kai ne. Na zauna gaban kwamfuta da babbar wayar a gefe, na bi asusun ɗaya bayan ɗaya. Ƙa'idar ita ce ka fara ƙara sabuwar hanya, ka fita daga asusun, ka gwada shiga da ita ka ga ta yi, sannan ka cire tsohuwar. Wanda ya juya wannan jerin zai iya kulle kansa a waje, kuma dawo da asusun da aka kulle ba aikin yini ɗaya ba ne. Google yana ba da lambobin ko-ta-kwana guda 10, kowace mai alƙaluma 8, kowace kuma sau ɗaya ake amfani da ita. Na buga su a takarda na adana tare da muhimman takardun gida. Don imel ɗina na sayi ɗan makullin tsaro da ake sokawa a kwamfuta, irin YubiKey, domin lambar tes ita ce mafi rauni a duk hanyoyin: ɗan damfarar da ya yi nasarar ƙwace layinka ya ƙwace lambobin ke nan. Makullin kusan kuɗinsu ɗaya da ƙaramar wayar. Aiki ne mai gundura, ya cinye mini hutun ƙarshen mako, amma shi ne ya yanke igiyar da ta fi kowace ƙarfi.

Banki kuwa sai da na je na koma. A zuwan farko matashin da na samu bai fahimci abin da nake nema ba. Duk tambayar da na yi, amsarsa ɗaya ce: "Ai yana cikin manhaja, Yallaɓai." Na ce manhajar ce nake so in rabu da ita. Ya ce to me ya samu wayar, ko a duba mini. Sai da ya kira shugabarsa, wata dattijuwa da gilashinta a goshi, ita ce ta gane. Ta ce akwai hanyar shiga asusu ta kwamfuta, sai dai don tura kuɗi ana buƙatar token, wata 'yar na'ura da ba ta kai akwatin ashana ba, mai fitar da lamba in an danna. Na cike fom, na ba da katin shaida, na sa hannu, aka gwada sa hannun da wanda na yi ranar buɗe asusu. Ba su da na'urar a reshen, sai an aiko daga babban ofis, kuma za a cire kuɗinta daga asusuna. Na jira har aka turo mini tes, na koma na karɓa, na kuma ƙi tashi daga kujerar sai da muka kunna ta na gwada tura ɗan kuɗi a gabansu. Na sa aka buɗe mini alat ta tes, na kuma rubuta lambobin da ake dannawa masu farawa da tauraro don duba ragowar kuɗi da ƙananan tura-tura. Wanda zai je, tun daga ƙofa ya ce yana son hanyar hada-hada da ba ta buƙatar manhaja, kada ya tsaya ba da tarihin jarabarsa. Kuma a sani akwai bankunan da ba su da reshe, a manhaja kaɗai suke rayuwa. Irin waɗannan sai dai ka kwashe kuɗinka kafin ka ajiye wayar.

A wurin aiki na fara da shugabana. Ya saurare ni har na gama, ya ce, "To in abu ya taso da daddare fa?" Na ce, "Ranka ya daɗe, in na gaggawa ne a kira ni, wayar tana kunne dare da rana. In ba na gaggawa ba ne, zan gan shi a imel da safe." Ya yi jim, ya ce mu gwada mu gani. Sashen kwamfuta suka sauya mini hanyar shiga shafin ofis daga manhaja zuwa makullin tsaro, bayan na rubuta takardar nema an sa hannu. Sai maganar WhatsApp, wadda ita ce ta hana ni sayar da babbar wayar. Ana iya haɗa asusu ɗaya da wasu na'urori har huɗu, har da kwamfuta, amma idan babbar wayar ta wuce kwana 14 ba a yi amfani da WhatsApp a kanta ba, duk na'urorin da aka haɗa za su fita. Saboda haka wayar tana nan a gida babu sim, an goge komai a cikinta sai wannan manhajar, tana kulle a durowa, makullin kuma yana hannun maiɗakina. Saƙonni ina duba su a kwamfuta a lokutan da na ware.

Shafukan sada zumunta na fara da dakatar da su kafin gogewa. Facebook da Instagram suna ba da kwana 30 bayan ka nemi a goge asusu, a cikinsu kana iya fasawa. Kafin nan ka sauke hotunanka, ka kuma duba ko akwai wasu shafukan da kake shiga da asusun Facebook ɗin, ka buɗe musu kalmar sirri ta kansu. Na aika wa na kusa da ni saƙo cewa daga rana kaza sai kira ko tes. Mahaifiyata da ta ji sai ta ce, "To hotunan jikokina fa, wa zai riƙa turo mini?" Na ce, "Umma, uwarsu za ta turo." A nan akwai gaskiyar da ba a cika faɗa ba: wani ɓangare na nauyin da ka sauke, kan na kusa da kai yake komawa. Maiɗakina ce ta koma mai ɗaukar hoto, mai duba taswira, mai karɓar sanarwar makarantar yara. In ba ka zauna da su kun yi magana tun farko ba, za ka sami sauƙi su sami haushi.

Ranar da na mayar da layin cikin ƙaramar waya ban ji komai ba sai alfahari. Washegari ne abin ya fara. Hannuna ya riƙa zuwa aljihu da kansa, in ɗauko 'yar wayar, in kalli agogo, in buɗe akwatin tes da babu komai a ciki, in mayar. Ina jin cinyata na rawa kamar saƙo ya shigo alhali wayar tana kan tebur, abin da daga baya na ga sananne ne har an yi bincike a kansa. Na zama mai saurin fushi. Lokutan da suka fi wuya su ne ƙananan giɓi: jiran mota, jiran ruwa ya tafasa, mintunan da ke tsakanin kwanciya da barci. Ban san akwai irin waɗannan giɓin da yawa haka a yini ba. Sai kuma jarabar ta nemi wata ƙofar, na wayi gari ina ɗaukar kwamfuta zuwa gado. Dole na kafa mata doka ita ma, ta zauna a tebur ɗaya, ba ta tashi daga nan. Wani bincike da Adrian Ward da abokan aikinsa suka wallafa a 2017 daga Jami'ar Texas da ke Austin ya nuna cewa waɗanda aka ajiye wayoyinsu a wani ɗakin sun fi waɗanda nasu ke kife a kan tebur ƙoƙari a gwajin tunani, duk da ba wanda ya taɓa tasa. Ni ma na ga haka a jikina, domin ranar da makullin durowar ya kwana a inda nake ganinsa, hankalina bai kwanta ba.

A hankali abin ya lafa. Barci ne ya fara dawowa, sannan karatu. Da farko ba na iya wuce shafi biyu ba tare da na ɗaga kai ina neman wani abu ba, daga baya na ga na cinye babi ban motsa ba. Ƙananan kayan da na saya don cike gurbi su ne agogon ƙararrawa, da ɗan littafin aljihu na rubuta alƙawura, da agogon hannu. Kuɗin data da na daina saye ya biya su cikin ɗan lokaci. Amma akwai asara, kuma ba zan ɓoye ta ba. Na taɓa ɓata a unguwar da ban sani ba, na yi ta tambayar mutane har na makara. Yanzu ina duba hanya a kwamfuta in zana ta a takarda kafin in fita. Wuraren da sai an haska lambar QR kafin a shiga ko a biya kuɗi suna ƙaruwa, tikitin tafiya kuma sai in buga shi a takarda tun daga gida. Kiran mota ta manhaja ya fita daga rayuwata, sai lambobin direbobin da na sani. Labarin rasuwa ko haihuwa wani lokaci ni ne na ƙarshen ji. Rubuta tes da madannai kuma azaba ce, saƙo ɗaya haruffa 160 yake ɗauka, don haka na koma kira, kuma na lura hirar minti biyu tana gama abin da a da muke yini muna musayar saƙo a kansa.

Ba kowa ne zai iya bin wannan hanyar ba. Mai kasuwanci a intanet, ko direban da manhaja ke ba shi fasinja, ko wanda na'urar lafiyarsa ke haɗe da waya, ajiye babbar waya a gare shi ajiye abinci ne ko lafiya. Irin waɗannan akwai matsakaiciyar hanya. Wani bincike da aka wallafa a mujallar PNAS Nexus a 2025 ya sa mutane sun toshe intanet a wayoyinsu na mako biyu, kira da tes na aiki, kuma aka ga natsuwarsu da walwalarsu sun ƙaru. Ana iya gwada wannan, ko a raba wayar aiki da ta gida, ta aikin ta kwana a wurin aiki.

Wanda kuwa ya yanke shawarar komawa ƙarama, jerin matakan shi ne komai: littafin buƙatu da farko, sannan tabbatarwa mai mataki biyu da banki da wurin aiki tun babbar wayar na hannunka tana aiki, sauya sim ya zo daga baya. Ni na sauya sim kafin in gama da tabbatarwa da banki, shi ya sa na yi ta zirga-zirga da waya biyu a aljihu. Kada ka sayar da babbar ko ka goge ta sai an yi 'yan watanni, don akwai asusun da ba za ka tuna da shi ba sai ranar da ya nemi lamba. Ranar da za ka kunna ta saboda WhatsApp, ka yi da rana, a tsaye, da wani a kusa, ka rubuta abin da za ka yi a takarda kafin ka danna maɓallin, kuma ka tabbatar da caji a cikinta tun da wuri don kada jiran caji ya zama dalilin zama da ita.